Watan da Amarya Ta Yi Shuɗi

Asabar, shida ga watan Sha-ruwan-tsofaffi, wanda azumi ke biyowa, da hantsi

Da sunan Allah. Ni ne Alƙali Abdurrahimu na Agadas, ɗan alƙali, jikan alƙali, wanda ya je Makka sau biyu, sau ɗaya bisa raƙumi, sau ɗaya a ƙasa don raƙumin ya gaji. Na sauka garin Kimba cikin kwarin Tarka, shekara ta dubu da ɗari uku da huɗu bayan Hijira, in binciki abin da ya sami rijiyarsu. Ba kowa ke ganina ba, haka manyan alƙalai suke. Duk wanda ya tsinci takardun ga ya aje su inda ya gan su. In ya karanta, idonshi na hagu zai koma dama.

Kada a yi mamakin ganin takardar alƙali a yamutse da tabon shuni. Irin wadda ake naɗe turkuɗi ce a marina, in ta yage a yar. Manyan malamai sun fi son ta.

Ga al'amarin. Rijiya biyu ce a garin nan, taki goma sha biyu tsakaninsu. Ta farko gefenta ya rufta tun ba a haifi rabin mutanen garin ba, ana ce mata Tsohuwa. Ba a sha gare ta, sai dai a ba ta: toka, shara, mushen kaza, ruwan jima, hanjin abin da aka yanka, tukunyar da ta fashe, da abin da jarirai ke yi a kasko. In uwa ta ce «kai wa Tsohuwa», kowane yaro ya san hanya. Ta biyu ita ce Amarya, zurfinta gaba takwas, ita ke shayar da mutane da bisashe.

Shekaranjiya Alhamis matar Maigari Kimba ta ja ruwa da asuba. Da gari ya waye ta leƙa tulu ta ga shuɗi, kamar an wanke sabuwar riga a ciki. Ba ta yarda da idonta ba, ta dama fura da shi. Maigari ya sha ya fito fada da leɓe irin na wanda ya kwana da sabon rawani a baki. Sai da aka gama gaisuwa kaf kafin a sami mai ƙarfin halin faɗa mishi.

Alƙali bai san dalili ba tukuna.

Lahadi, bakwai ga wata, bayan la'asar

An kawo mini wata magana da ba ta da haɗi da rijiya ko kaɗan. Na rubuta ta ne don wuri ya rage a takarda.

Ango, ƙanen Maigari, yana da farin rago da yake kira Madara. Kowace Juma'a yana yi mishi wanka, shi kanshi sai salla-salla. Ba ya zama hira bai kawo zancen ragon ba, in na rago ya ƙare ya ɗauko na takobinshi da ya karye cikin haƙarƙarin wani ɗan hari shekara ashirin baya, ɗan harin ya gudu da rabin ƙarfen a jikinshi. To ran Talatar da ta wuce, da zafin rana kowa na kwance, Madara ya ɓace daga turke. Da la'asar ya komo da kanshi, shuɗi tun daga ƙaho har kofato, in ban da wutsiya, da alama nan mai aikin ya riƙe. Sau biyu Ango yana korar shi yana cewa a zo a kama ragon baƙi, sai da ragon ya bi shi har ɗaki.

Aiki ne mai kyau. Sau uku aka tsoma shi, ga alama, don tsomin farko kore yake fitowa. Alƙali bai san wanda ya yi ba.

Akwai wani saurayi a garin nan, Abarshi, jikan Azumi mai ɗinkin ƙorai, shekararshi sha biyar. Ana yawan ɗora mishi laifi, wai shi ya ɗinke rigar ladan da tabarma, wai shi ya sa kwaɗo a shantalin Ango. Na bincika, yaron kirki ne. Yanzu haka ba ya da lafiya, ya naɗe hannu biyu da tsumma, ƙaiƙayi gare shi. Kada a matsa mishi ya kwance, iska na ƙara ciwon.

Litinin, takwas ga wata, da azahar

Toka ba ta fid da shi. Tsamiya ba ta fid da shi. Yashi fata yake fiddawa.

Laraba, goma ga wata, da walaha

An taru gindin gawo. Malam Alhusaini, limamin gari, shi ne kuma mai makarantar allo, ya ce ruwan da launinshi ya sake ba a alwala da shi, kowa ya koma taimama. Hukuncin ya zo a makare ga gemunshi, wanda ya riga ya yi alwala biyar ran Alhamis.

Sai Ango ya miƙe ya ce ba sai an wahala ba, mutum ɗaya ne a garin nan ke da abu shuɗi. Yana nufin Jimrau marini, wanda yara ke ce wa Baba mai baba. Shekara huɗu ke nan da ya zo daga kudu da matarshi da ɗiyarshi ƙarama Hawwa'u, ya gina ramukan rini uku can yamma bayan garka, nesa da rijiya, a gangare kuma. Ango ya kai tsakiyar magana ya dafe ciki ya ruga daji. Ba wanda ya yi dariya, ciwon cikin bazara ne, kowace shekara gari duka ke yin shi. Aka jira ya komo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Jimrau ya yi magana a hankali. Ya ce shi ba ya zubar da ko ɗigo. In baba ya mutu a rami, katsin da ke kwantawa a ƙasa yakan kwashe ya dunƙula ya shanya ya ƙone, tokar ta koma cikin sabon rini, saura ya kwaɓa laso ya shafe ramukan da shi don kada su yoyo. Ya ce abu ɗaya dai ya gani, ran Talata ramin tsakiya ya ragu da taƙi guda, kwandon shuni ɗaya kuma ya ɓace.

Ango ya ce to kun ji da bakinshi, ruwanshi ya ragu, ina ya tafi in ba cikin Amarya ba, ta ƙarƙashin ƙasa ko ta hanyar da marina suka sani. Ya sake rugawa daji.

Maigari Kimba ya yanke: in aka ga watan azumi Amarya ba ta washe ba, Jimrau ya kwashi iyalinshi ya bar gari, a cike ramukanshi. Wanda ya rina rago kuma, in an kama shi, na Ango ne.

Jimrau ya bi mutane da kallo ɗaya-ɗaya. Bai daɗe kan Abarshi fiye da kan kowa ba. Na auna.

Alhamis, sha ɗaya ga wata, da almuru

Yanzu mata na tashi da asuba su tafi rijiyar Fulani ta wajen Dakoro, ba su komowa sai azahar, tulu ɗaya-ɗaya, wuya a sanƙare. Ruwa ya zama abin da ake ɓoyewa bayan gado.

Gidan Azumi ya cika da mata masu neman dabara, su da ke yi mata dariya da. Ita ƙwarya ɗaya ta ruwa aiki huɗu take yi mata. A wanke gero, ƙasarin akuya ta sha. Na wanke fuska a wanke akushi da shi, na akushi a kai gindin zogale. Gidanta ba abin da ke mutuwa sau ɗaya. Tsohon guga ya zama takalmi, takalmin ya zama majajjawa. Zane ya zama tsumma, tsumma ya zama gammo, gammo ya ƙare lagwanin fitila. Akwai wata ƙwarya da ta ɗinke har zaren ya fi ƙwaryar yawa. Tun da take ba ta taɓa kai wa Tsohuwa ko tsinke ba. In an tambaye ta sai ta ce Tsohuwa ba ta roƙe ta ba.

Da matan suka watse ta ce mini, wato ta ce wa jikanta ina wurin, «Maigida, ina kwatarniyata babba?» Haka take kiran shi, wai shi ne mijinta. Ya ce bai gani ba, ko kura ta ɗauka. Ta ce kurar garin nan ta ci gaba, da awaki take ɗauka. Ta ce kuma in ƙaiƙayin ya warke a maido mata tsummanta, aro ne.

Asabar, sha uku ga wata, da la'asar

Yau aka yashe Amarya. Maza duka, guga shida, tun hantsi. Da guga na farko ya fito aka tsaya shawarar inda za a zuba. Ango ya ce ruwan tsiya ba a zubar da shi a hanya yara su taka, bisashe su lasa, a kai wa Tsohuwa. Kowa ya ce wannan magana ce. Aka jeru, daga bakin Amarya zuwa bakin Tsohuwa, ana miƙa ƙorai hannu da hannu ana waƙa.

Har la'asar Amarya ba ta ragu da ɗan yatsa ba. Shuɗin ya ƙaru. Wari ya taso wanda da babu shi, ko da akwai mun saba. Gugan ƙarshe ya fito da gashin kaza. Ango ya ce aljanin marina ne, kaza ya ci.

Alƙali ya zaga bayan rumbu ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Can kuma ya daina.

Wani tunani ne ya zo mishi. Da a ce wani mutum, ba a garin nan ba, ya gama wani aiki ran Talata, ya rasa inda zai ɓoye sauran ruwan baba da kwandon shuni da kwatarniya, ya juye su duka cikin Tsohuwa, don abin da aka ba ta ba ya dawowa, sai kuma ran Alhamis Amarya ta yi shuɗi. Tunani ne kawai.

Lahadi, sha huɗu ga wata, da la'asar

An sake yasa. An sake kai wa Tsohuwa.

Talata, sha shida ga wata, da azahar

Yasa ta uku. Wani karyayyen ludayi ya fito cikin guga, da zanen wuta a mariƙinshi. Matar Maigari na tsaye kusa. Ta kalle shi, ta kalli Tsohuwa, ta sunkuya kamar tana gyara ɗaurin zane, ludayi ya ɓace. Ni kaɗai na gani. Na san ludayin, lokacin kaka ya karye, wani yaron kirki ta aika ya kai wa Tsohuwa.

Alƙali bai san dalili ba tukuna.

Alhamis, sha takwas ga wata, da hantsi

Ba mai kai rini yanzu. An hana yara wasa da Hawwa'u. Mata in sun komo da tulu ta ƙofar marina sai su juya kai, su da wuyansu ba ya juyuwa. Jiya an wayi gari an cika rami ɗaya da yashi, ba a jira wata ba.

Azumi ta aiki jikanta ya kai wa matar Jimrau ƙwaryar da ta ɗinke mata. Ya ce hannunshi na ciwo. Ta ce da ka ake ɗaukar ƙwarya.

Ya iske Jimrau zaune yana dunƙula katsi yana jerawa a rana, kamar wanda zai shekara goma nan gaba. Suka gaisa. Abarshi ya ce Baba, mi za ka yi da shi tunda, sai ya rasa ƙarshen maganar. Jimrau ya ce ba a barin katsi a rami, ko wa zai zo bayanka ya iske abin aiki. Ya shiga ɗaki ya fito da ɗaurin yagaggun takardu ya ce ya ga yana tsintar su, ya riƙe, kaya ne a hanya.

Da zai miƙa sai ya dubi tsumman ya ce, «Na fata kwana ashirin ne. Na farce sai sabon farce ya tsiro ya ture shi.» Ya buɗe nashi hannun, shuɗi har gwiwar hannu, ya ce nashi shekara talatin ke nan, bai taɓa hana shi cin tuwo ba.

Ya koma ga katsinshi. Da ya zage ni da ya fi.

Hawwa'u ta biyo ni har bakin danga tana tambaya ko garin da za su akwai rago shuɗi, don ita wannan ya fi mata kyau da yana fari.

Juma'a, sha tara ga wata, da almuru

Ban ci tuwo ba. Alƙali nake nufi, alƙali bai ci ba.

Lahadi, ashirin da ɗaya ga wata, da walaha

Wata masifa ta sauka wa gari jiya. Ango ya ba da labarin takobi tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya tashi ba. Shekara da shekaru ciki ke cetonmu a daidai inda ɗan hari ya zaro mashi. Yanzu mun ji sauran, har da sunan dokin.

Na kai wa Kaka Azumi labari don ta yi dariya. Ba ta yi ba, tana huda ƙwarya da basilla. Ta ce in lissafa mata wanda na gani ya ruga daji cikin kwana bakwan nan. Na lissafa, babu. Ta ce jaririn maƙwabta da ke kuka kullum fa. Na ce ya yi shiru, har ya yi kumatu. Ta ce tun yaushe. Na ce tun da aka koma shan ruwan Fulani.

Ta ce, «Ba bana Amarya ta fara ba mu abin da muka ba Tsohuwa ba. Bana dai ta sa riga muka gan ta.»

Na ce to Kaka ki je ki faɗa wa Maigari mana. Ta ce za a ce mata tsufa ne, za a ce ina shaida. Ita ba ta ga wanda ya zuba ba, wanda ya zuba shi ya san ranar da ya zuba da ranar da ya fito. Ta ce Maigida matso da zaren.

Talata, ashirin da uku ga wata, bayan azahar

Iska ta fid da takarda ɗaya daga ƙarƙashin rumbu inda alƙali ke ajiya, ta rasa inda za ta kai ta duk faɗin garin nan sai zauren Malam Alhusaini.

Da aka tashi karatu ya ce Abarshi ya tsaya. Ya zaro ta daga hula. Ya ce ya ji an yi babban baƙo daga Agadas bai zo sun gaisa ba. Ya ce rubutun alƙalin ba laifi, sai dai abu ɗaya, ba ya sa wa harafin shin ruwanta, ɗigon nan uku na bisa, har shuɗi ya koma suɗi, Abarshi ya koma Abarsi. Ya ce shekara takwas yana dukan wani a kan wannan, bai san cutar ta kai Agadas ba.

Ya miƙo takardar ya ce, «Ka gai da alƙali. Ka ce mishi gari ba ruwa, shin ba ruwa, wata kuma saura kwana shida.»

Idonshi na hagu bai koma dama ba. Na duba.

Laraba, ashirin da huɗu ga wata, da la'asar

Ango ya jiƙa tsumagiyar tsamiya cikin ruwan da matarshi ta ɗauko tun daga Dakoro, yana nuna wa mutane. Ya ce in ya kama mai rinin rago, bayan duka zai aske shi da tsingaro ya ɗaure shi a turken Madara kwana uku.

An ce ayarin gishiri zai wuce ta Birnin Lalle jibi. Saurayi mai ƙafa zai iya cim musu. Na yi wannan lissafin sau huɗu, kowane sau sai in ga Jimrau gaba da jaki ni ina baya, hanya ɗaya ce.

Alhamis, ashirin da biyar ga wata, da azahar

An kawo wa Kaka akumarin jakin Jimrau ta ɗinke, na tafiya. Ni ta sa na riƙe mata, da tsumman da komi. Ta duƙufa kan basilla har ta gama. Ɗinkin da take yi cikin ɗan lokaci, yau sai da rana ta take.

Juma'a, ashirin da shida ga wata, da la'asar

Abarshi ya yi wani abu yau, zan rubuta shi yadda ya faru.

Bayan azahar mutane na gindin gawo. Ya zo ya durƙusa gaban Maigari ya ce ranka ya daɗe ƙaiƙayina ya warke. Ya warware tsumman, ya ninke su, ya miƙa wa kakarshi, don aro ne. Ya ɗaga hannu biyu. Fatar ta kusa washewa, amma farce goma shuɗi kamar an jera duwatsun wuya.

Ya faɗi duka, ramin tsakiya da tulu huɗu, kwandon shuni, kwatarniya, wutsiyar Madara, da inda ya juye saura. Ya ce ran Talata ya ba Tsohuwa, ran Alhamis Amarya ta maido.

Ango ya riga ya cafki wuyan rigarshi. Azumi ta ce, «A bar shi.» Rabin mutane suka ɗauka sunanshi take kira, har shi ya amsa. Ta sake faɗa, wannan karon Ango ta kalla. Ya saki.

Maigari ya ce zancen rago ya ji, zancen rijiya bai shige shi ba. Tun yana yaro ake ba Tsohuwa, bai taɓa ganin ta maido ba, kuma taki sha biyu ba wasa ba ne. Ango ya ce yaron na son ya wanke marini ne kawai. Aka yi ta magana. Can sai matar Maigari ta taso daga cikin mata, ta kwance bakin zane, ta aje karyayyen ludayi gaban mijinta, ta ce nata ne, tun lokacin kaka ta ba Tsohuwa, ran Talata ta karɓa hannun Amarya. Ta koma ta zauna.

Maigari ya daɗe yana juya ludayin. Ya ce to a gani da ido. Wanda ya ciyar da Tsohuwa na ƙarshe, shi za a ɗaura wa igiya gobe.

Lahadi, ashirin da takwas ga wata, da la'asar

Kwana biyu cikin Tsohuwa. Ba zan kwatanta warin ba, takardar ba ta yi mini laifi ba. Malam ya sa aka fara zura fitila, sai da ta daina mutuwa sannan aka zura mutum, ana fid da shi yana shan iska ana maidawa.

Abin da ya fito: kwatarniyar Kaka, baki kaɗai ya ɓare. Ƙasusuwan jaki biyu. Ƙahoni ba iyaka. Tsingaro kwando talatin. Baƙin taɓo mai motsi. Kan kare. Wata tabarya da aka taɓa zargin baƙuwa da sacewa. Kowa na tsaye yana gane kayan gidansu yana yin kamar bai gane ba.

Kaka ta shimfiɗa tabarma can gefe kamar mai rabon gado. Ƙarfe ga maƙeri. Ƙaho mai kyau ga wanzami. Tsingaro a daka a yi daɓen zaure. Ƙashi a ƙone. Taɓo a kai gona a baza ya sha rana kafin ruwa ya sauka. Da safe ba mai son taɓa shi, da la'asar mutum biyu sun kusa dambe kan wanda jakinshi zai ɗauki na ƙarshe.

Yau da walaha, da taɓon ya ja baya, na ga wata kafa, ɗan rami a jikin rijiyar. Gefen gabas, daidai fuskar ruwa, kan mutum na iya shiga. Na leƙa, can ƙarshe ga ɗan haske, ga guga na saukowa. Amarya ce. Ina jin muryar Ango a bakinta yana gaya wa mata cewa shi tun farko bai yarda da zancen kafa ba.

Na yi niyyar in ja igiya in faɗa da ladabi. Allah ya sani na yi niyya. Amma akwai abin da na tsinta tun jiya na ɓoye. Na sa baki cikin kafar, na kumbura murya na ce, «Ango. Na ga takobinka.»

An ce tulu uku suka fashe. An ce Ango ya kai garka kafin hularshi ta taɓa ƙasa. Da suka komo na ɗaura abin a igiya aka ja: takobi, rabi biyu duka, a ɗaure wuri ɗaya da tsohuwar tsirkiya. Ashe ɗan harin ya maido nashi rabin.

Maigari ya sa aka sake yin magana ta Tsohuwa shi yana bakin Amarya yana ji. Ya ce a faɗi sunan uwarshi, na faɗa. Ya tashi ya tafi marina da ƙafarshi, bai aika ba.

Litinin, ashirin da tara ga wata, da almuru

Jimrau ya sauka da kanshi da asuba, da duwatsu da lason da ya kwaɓa daga katsin nan da na iske yana shanyawa. Ya toshe kafar ta wajen Tsohuwa, ya shafe. Aka bi da yashi mai tsabta ana cike Tsohuwa. Aka yashe Amarya karo na huɗu. Da gugan farko ya fito wani ya nufi Tsohuwa da shi don sabo, Kaka ta tare shi da sanda. Can bayan garka aka kai. Kafin la'asar, karo na farko, muka ga gindin Amarya.

Sabon ruwa ya tsatso a hankali. Gaskiya da sauran shuɗi kaɗan. Malam ya ce a ci gaba da zuwa Dakoro kwana bakwai tukuna.

Rana ta faɗi, ladan ya nuna wata bisa gawo, siriri. Kowa ya dubi Maigari, don hukunci na nan yadda aka yanke shi, jakin Jimrau kuma na ɗaure da akumari. Maigari ya ce a kawo mishi ruwan Amarya a ƙwarya. Ya duba ya ce shi bai ga shuɗi ba. Ya miƙa wa Malam, Malam ya ce shi ma. Ya miƙa wa Ango. Ango ya leƙa ya sake leƙawa, ya ce fari ne kamar Madara a da.

Da almuru ba wanda ke gane launi. Maigari ya sani, shi ya sa ya jira.

Hawwa'u ce ta kwance akumarin.

Talata, ɗaya ga watan azumi, da hantsi

Alƙali Abdurrahimu ya kama hanyar Agadas. Kafin ya tafi ya bar hukunci: bulala shida a hannun Malam, ba a hannun Ango ba, an yi su an gama. Kwashe yashin ramin da aka cike. Aiki a marina har damina ta faɗi, a madadin kwandon shuni. Baba Jimrau ya ce tunda na iya tsomi uku ba a koya mini ba, saura in koyi tambaya kafin in ɗiba. Shara kuma yanzu kowa ya kai gonarshi, abin da gona ba ta ci a kai wa Kaka. Yara har sun fara cewa «kai wa Tsohuwa» suna nufin gidanmu. Ta ce ta ji, ita dai tana maidowa ne a ɗinke.

Ɗazu Ango ya same ni bayan rumbu, ya waiga hagu da dama. Wai wani Buzu ya tsaya ya daɗe yana yaba Madara, ga shi launin ya fara kodewa ta wuya. Ya ce ko za a iya ƙara mishi tsomi ɗaya, har da wutsiya.

To. Ina azumi, ba na so in ɓata shi da ƙarya tun ran farko. Babu alƙali. Ban taɓa zuwa Makka ba, ko bisa raƙumi ko a ƙasa, iyakata rijiyar Dakoro, ita ma Kaka na raka. Ni na rina rago, ni na ba Tsohuwa, ni na yi shiru kwana ashirin da huɗu ana jifan gidan mutumin da ya sani bai faɗa ba. Wanda ya karanta takardun ga ba abin da zai sami idonshi.

Ni ne Abarshi, jikan Azumi. Allah gafarta Malam, duba da kyau, na sa wa shin ruwanta, guda uku, masu tsabta.